Sabon Zangon Akara da Tukunyar Hajiya

Duk mai ba da tarihin Sabon Zango dole ya fara da Malam Na'ino, Bakatsine, malamin da ya sauka Akara tun garin bai wuce bakin teku ba. A 1877 Turawa suka kawo hedikwatarsu nan, a 1881 kuma shi da Malam Garba suka sami fili a hannun mutanen Ga, aka kafa Zangon Malam a cikin gari. Malam Na'ino ya rasu a 1893, zangon kuwa ya ci gaba da cika: fataken goro, tsofaffin sojan da suka yi yaƙin Tonawa a 1874, waɗanda rikicin Salaga na 1892 ya koro, ga Yarbawa, ga Fulani, ga Barebari. Da taro ya yi yawa sai gardamar limanci da shugabanci ta tashi. Malam Baƙo, ɗan Malam Na'ino, bai tsaya ja-in-ja ba. Ya nemi sabon fili yamma da gari, inda a lokacin babu komai sai ciyawa da sauro, ya tashi da mutanensa a farkon shekarun 1910. Shi ya yanka filaye, shi ya fitar da hanyoyi, shi ya ce wane ya zauna nan, wane ya zauna can.

Kakar gwaggona Hajiya, mai shagon abinci a unguwar, tana cikin ayarin farko. Haka muka ji daga iyayenmu, su ma haka suka ji. Mijinta almajirin Malam Baƙo ne, ita kuwa ita ce take dafa wa magina abinci sa'ad da ake kafa ɗakunan farko. Murhunta duwatsu uku ne a gindin bishiya, ruwa kuma sai an yi tafiya a ɗauko a ka. Ana cewa Malam da kansa ya zo ya tsaya, ya nuna wurin da sandarsa, ya ce nan wurinta ne da 'ya'yanta, kada kowa ya tashe su. Na san akwai wani gida a ƙasan layi da suke cewa kakarsu ce ta fara sayar da tuwo a unguwar. Ba mu raina su ba, surukanmu ne ma. Amma a tambayi tsofaffi: koko da ƙosai kakarsu ta sayar, da safe, kuma sai da aka yi rufin kwano a unguwa suka iso. Mai koko daban, mai tuwo daban.

'Yar kakar Hajiya ce ta gaje ta. A zamaninta aka yi girgizar ƙasa ta 1939, aka sami 'yancin kai a 1957, aka kuma yi korar baƙi ta gwamnatin Busiya a 1969, wadda ta ba mutane mako biyu su tattara. Maƙwabta da yawa sun sayar da gidajensu a wulaƙance sun koma Najeriya da Nijar. Mu ba mu tashi ba, tukunya ma ba ta kwana a kife ba.

Sai Hajiya, gwaggona, wadda muka kai makwancinta makon jiya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ita ta mai da rumfa shago, ta sa benci da tebur da labule. Kafin kiran asalatu ta riga ta jefa karan dafi da ɗan kanwa cikin wake, har ruwan ya yi ja, sannan a zuba shinkafa. Ba ta yarda da roba ba, a ganye take naɗe wa mutum, ta ɗora taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai, ta kawo shito baƙi wuluk wanda ta yini tana soyawa jiya. Da azahar sai tuwo mai zafi da miyar ayoyo. Direbobin torotoro, 'yan kayan mota na Abosokai, malaman makaranta, Kirista da Musulmi, benci ɗaya suke zama. Tana da wani tsohon littafi na masu cin bashi. In na ce, “Gwaggo, wannan shekara biyu ke nan bai biya ba,” sai ta karɓe littafin ta tura ƙarƙashin tabarma, ta ce in je in duba wuta. Almajirai kuwa ba su taɓa shiga littafin ba. Ranar jana'iza layi ya toshe har bakin titi, na ga ƙartin maza da ba su jin Hausa suna kuka suna cewa uwarsu ta tafi.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tun ba a yi sadakar bakwai ba, wasu sun fara zuwa da igiyar awo suna zagaya shagon, wai za a gina bene. Suna tambayar takarda. Wa yake da takarda a zamanin da aka yanka wurin? Kalmar Malam Baƙo ita ce takarda, kuma a kanta rabin gidajen unguwar nan suke tsaye. In aka rushe shagonmu, kowa ya shafa wa gemunsa ruwa. 'Ya'yan Hajiya mata biyu sun iya girkin, ma'aikata suna nan, masu ciniki suna leƙowa kullum suna tambaya.

Muna roƙon iyayenmu, sarki da limamai da dattawan unguwa, su zauna kan maganar kafin sadakar arba'in, a kira tsofaffin da suka san iyaka tun suna da rai, a rubuta shaidarsu, kowa ya sa hannu. A kuma dubi magudanar da ke gaban shagon, wadda Hajiya ta yi shekaru tana biyan yara su kwashe da kuɗinta, don damina ta kusa.