Raƙuman Dawa na Kure

A farkon ƙarni na 20 raƙuman dawa suna yawo a dazuzzukan Afirka ta Yamma, tun daga Senegal har bakin Tafkin Chadi. Amma da bindigogi suka yawaita, gonaki suka ci daji, sai suka yi ta raguwa. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara dagula al'amarin. Suka ƙare a Senegal da Mali da sauran ƙasashen yankin, har ya zama garke ɗaya kaɗai ya rage, a Jamhuriyar Nijar, wajen garin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai. Da aka ƙidaya su a 1996, ba su wuce 50 ba.

Wurin nan kuwa ba gandun daji ba ne mai shinge. Ƙasar noma ce ta Zabarmawa, inda Fulani kuma suke kiwo. Da damina raƙuman suna kan tudu suna cin ganyen sarƙaƙiya. Da rani sukan gangara kwarin Dallol Bosso, inda gawo yake da ganye sa'ad da sauran itatuwa suka bushe. A hanya sukan shiga gonar wake, su kuma tsinke mangwaro. Manomin da aka cinye masa wake ba ya jin daɗin wa'azin kiyaye namun daji. Ga kuma masu saran itace suna kai wa Yamai makamashi.

Saboda haka masu aikin ceton ba su tsaya ga hana farauta kaɗai ba, ko da yake gwamnati ta tsananta dokar. Suka haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi, suka ba mata ƙananan rance, aka kuma koya wa samari aikin yi wa baƙi jagora. Sannu a hankali mutane suka ga dabbar tana kawo musu amfani da ranta fiye da namanta. Kafin 2018 yawansu ya haura 600. A shekarar nan aka ɗauki 8 a mota aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi wajen shekara 50 ba a ga irinsu ba, domin kada cuta ko fari su shafe su a wuri ɗaya.

Aikin bai rasa hasara ba. Ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a dajin Kure: Faransawa 6, da direbansu, da shugaban ƙungiyar masu jagora. Baƙi suka janye, abin da ƙauyuka suke samu ya ragu. Tun daga lokacin nan nauyin raƙuman ya ƙara komawa wuyan manoman da suke raba ƙasa da su.