Maganin da aka tono daga ƙasa, da karnukan da ya kusa kashewa

Yau zan ɗauko muku tarihin aibamektin, wanda makiyaya suka fi sani da Ivomec.

A farkon shekarun 1970 wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura na cibiyar Kitasato, ya ɗebo ƙasa a kusa da wani filin wasan golf. A cikinta ya samu wata ƙwayar halitta, aka aika da ita kamfanin Merck a Amurka, inda William Campbell da abokan aikinsa suka gano tana fitar da sinadarin da ke kashe tsutsa. A 1981 maganin ya shigo kasuwa don dabbobi.

Karnuka fa? A Amurka akwai tsutsar da sauro ke sa wa kare, ta je ta zauna a zuciyarsa. Da, sai kullum a ba shi ƙwaya. A 1987 aka fito da Heartgard, sau ɗaya a wata, shi ke nan.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Tun a shekarun 1980 likitocin dabbobi suka lura karnuka irin na koli, masu kiwon tumaki, idan an ba su da yawa sai su yi ta dalalar da miyau, su yi tangaɗi, wasu su suma, wasu su mutu. Sai a 2001 Katrina Mealey ta jami'ar jihar Washington ta gano dalili: wata tawaya ce a ƙwayar gadon MDR1. Kare mai lafiya yana da wani furotin da ke koro maganin daga ƙwaƙwalwa. Waɗannan nasu ba ya aiki, sai maganin ya taru.

Ku duba lissafin, don ni nan ne abin ya fi ɗaure mini kai. Heartgard mikirogiram 6 ne ga kowane kilo, wanda har koli ke jurewa. Allurar shanu kuwa 200 ce. Ninki sama da talatin ke nan! Shi ya sa ba na goyon bayan mai zuƙo ragowar allurar saniya ya tsira wa ɗan kwikwiyo don ƙazuwa, ba awo ba likita.

Af, Mectizan da ake rabawa kyauta a ƙauyukanmu don makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa, shi ne dai wannan maganin. A 2015 Omura da Campbell suka samu kyautar Nobel a kansa.