Daga Landan zuwa Bana: Tarihin Kalmar «Gaye»

Duk malamin da ya zauna a yankin Gaya ya san wanda ake ce wa «ɗan gaye»: saurayi mai ƙwalisa, mai guga, mai taku ɗai-ɗai. Wani zai zaci kalmar ƴar'uwar sunan garin ce. Ko kusa. Daga Ingilishi ta fito, kuma mafarinta cin amanar sarki ne.

Ranar 5 ga Nuwamba 1605 aka kama wani mai suna Guy Fawkes a ƙarƙashin majalisar dokokin Ingila, yana gadin ganguna 36 na albarushi da aka tanada domin halaka Sarki James na Ɗaya. An kashe shi a 1606. Bayan haka, duk shekara sai a ɗinka mutum-mutuminsa da tsummoki, a zagaya gari da shi, a ƙone. Sunansa ya koma sunan wannan dodon tsumma, har a ƙarni na 19 duk wanda ya yi shigar banza a Ingila sai a kira shi *guy*. Amurkawa ne suka wanke kalmar, ta zama «mutum» kawai, daga baya ma ta haɗa har da mata.

A bakin Hausawa kuwa ta yi juyin waina: abin da ya fara da tsumma ya ƙare da ado. Ga ɗan gaye, ga ƴar gaye, ga gayu, har akan ce wane «ya iya gayu». Sai dai a bakin dattijo ba yabo ba ne. In ya ce yaro ya zama ɗan gaye, nufinsa hannun yaron ya manta da hauya.

Abin lura ga mutanen Bana shi ne hanyar da ta biyo. Faransa ce ta mulki Nijar har 1960, ta bar mana lakwal da mushe. Gaye ba ta bi ta aji ba. Daga Nijeriya ta ƙetaro, ta bakin fatake da ƴan cirani, sa'an nan finafinan Kano suka ƙara yaɗa ta tun daga shekarun 1990.

Akwai masu ganin a kore ta daga rubutun ɗalibai, wai baƙuwa ce. Ni dai ban ga dalili ba. Kalmar da ta karɓi «ɗan» da «ƴar», ta haifi «gayu», Baturen Landan ma in ya ji ta ba zai shaida ta ba.