Kalmomin Bincike Da Suka Sauka A Tashar Kano

Mai karatu, sau nawa ka ji a fim an ce, "Ku caje shi, ku wuce da shi cajin ofis, Sufeto na jira"? Magana ce da ko tsohuwa a ƙauye za ta gane, amma in ka tone ta, rabinta Turanci ne da ya sa babbar riga. Wasu irin waɗannan kalmomi, kamar sajan da kofur, sojojin Lugga ne suka shigo da su Kano a 1903. Sai dai wurin da talaka ya fi yin ido biyu da Bature mai bincike da yaransa shi ne tashar jirgin ƙasa, can bayan ganuwa, maƙwabciyar Fagge.

Layin dogon da aka taso da shi daga Baro ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Ba a jima ba Sabon Gari ya tsiro, mazaunin akawuna da leburori da sauran ma'aikata 'yan Kudu. Ita kanta kalmar tasha daga 'station' take, reluwe kuwa daga 'railway'. Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, don haka yakan sassaƙe baƙuwar kalma har ta zauna masa daidai. Haka 'inspector' ya rasa kansa da wani ɓangare na cikinsa, ya koma sufeto, 'superintendent' ya zama sufurtanda.

Turawa auduga suka sa rai jirgin zai kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Nan gyaɗa ta cika tasha, har daga baya aka riƙa tara buhuna ana gina dala, sana'ar da sunan Alhassan Ɗantata ya yi fice a cikinta. To, inda gyaɗa da kuɗi suka haɗu dole a yi awo, dole a duba. Za a ɗora buhu a sikeli, akawu ya rubuta, ma'aikacin duba amfanin gona ya soki buhun ya ɗebo kaɗan, ya ga ko an cakuɗa da ƙasa da tsakuwa, ko ba ta bushe ba. In ya ƙi ta, wahalar damina guda ce ta faɗi ƙasa.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Bahaushe ya ari sunan na'urar, sikeli, ya ari tan da tikiti, ya ari muƙamin mai kaki, amma aikin kansa bai are shi ba. Awo dai awo ne, domin tun kafin a haifi kakan Lugga ma'auna na riƙe da mudu a Kasuwar Kurmi, kuma Daular Sakkwato tana da muhtasibi mai sa ido kan masu tauye mudu. Kalmar ta yi ƙarfin da ta bi mata har asibiti: yau in mai juna biyu ta ce za ta je awo, ba wanda zai zaci hatsi za ta sayo. Duba, gwaji, bincike, duk na gida ne. Jarrabawa da tuhuma kuma tun tuni muka karɓo su daga Larabci.

Dubi ma jami'in tsabta, wanda Bature ke kira 'sanitary inspector'. Shi ba a ba shi sarautar sufeto ba, sai aka raɗa masa duba-gari. Shi ne mai shiga gida ya leƙa randa neman tsutsar sauro, in ya gani a ci tarar maigida. A garin da ake kulle, ka san wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Yarbawa su ma suna suka ba shi da harshensu, wole-wole, wato mai shige-shigen gidaje.

Inda Turanci ya ci mu da yaƙi shi ne caji. A ganina kalmomi biyu ne suka narke a kunnen mutanenmu, 'charge' na tuhuma da 'search' na lalube, tunda hannu ɗaya ke yin su, kuma a rana ɗaya. Muna da lalube, amma lalube ba ya sa gaba ya faɗi. Caji kuwa da kulki ya zo. Daga baya ga si'aidi, wanda Hausa ta yi wa nata sunan mai daɗi, ɗan sandan ciki, ga odita mai bin diddigin kuɗin baitulmali, ga bi'ai'o da direbobi ke hangowa su sake hanya.

Dalar gyaɗa ta baje a shekarun 1970, bayan fari da cutar da ta abka wa gyaɗa a 1975, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Kalmomin ba su bi ta ba. Kai marubuci ko mai tsara labarin fim, in labarinka na zamanin Sarki Alu ne, kafin 1903, kada ka sa dogari ya ce zai caje fatake. Zai dai kwance musu kaya ya bincika.

Kuma har a wannan zamani dabarar raɗa suna ba ta mutu ba. Da gwamnatin Jihar Kano ta kafa hukumar sa ido kan finafinai a 2001, ba a je aro ba. Aka ɗauko "tace" daga hannun mai koko, wadda ke zuba ƙullu a mataci, gasara ta wuce, dusa ta tsaya.