Tosca: Ranar Da Opera Ta Bar Dandamali Ta Shiga Gari

Duk lokacin da aka tada gardamar waƙa a finafinanmu, Indiya kawai muke tunawa. To amma mai karatu, ko ka san akwai ƙasar da ta shafe sama da shekara 400 tana wasan kwaikwayon da waƙa ce kaɗai zancensa? Ƙasar ita ce Italiya, wasan kuma sunansa opera. A cikinsa hatta gaisuwa da faɗa da mutuwa duk rerawa ake yi.

Abin ya faro ne a fadojin sarakuna. A 1607 Claudio Monteverdi ya gabatar da L'Orfeo a fadar Mantua, don manya kawai. Sai a 1637 aka buɗe gidan opera na farko a Venice wanda kowa zai biya kuɗi ya shiga. Daga nan abin ya zama kasuwa, marubuta suka shiga farautar labaran da za su ja 'yan kallo: soyayya, kishi, zalunci.

Irin wannan labari ne Tosca na Giacomo Puccini, wanda aka fara nunawa a birnin Rum ran 14 ga Janairu, 1900. Tosca mawaƙiya ce, saurayinta Cavaradossi mai zane ne. Ya ɓoye wani fursunan siyasa, sai shugaban 'yan sanda, Scarpia, ya kama shi. Scarpia ya ce wa Tosca in tana son ran saurayinta, to ta ba shi kanta, shi kuma zai sa a yi harbin ƙarya. Ta nuna ta yarda, da ya matso ta daɓa masa wuƙa. Ashe harsashin gaske aka ɗura. Da ta ga gawar masoyinta, sai ta faɗo daga saman gidan kurkukun.

A watan Yulin 1992 aka yi abin da ya ɗauki hankalin 'yan fim. Gidan talabijin na RAI ya nuna Tosca kai-tsaye a ainihin wurare ukun da labarin ya ambata, kuma a lokutansu: cocin Sant'Andrea della Valle da rana tsaka, fadar Farnese da yamma, sannan Castel Sant'Angelo da asubar washegari. Plácido Domingo da Catherine Malfitano ne jarumai, Giuseppe Patroni Griffi ne darakta, Vittorio Storaro wanda ya ɗauki Apocalypse Now shi ya tsara hoto. Makaɗan suna can wani situdiyo tare da jagoransu Zubin Mehta, mawaƙan na hango shi ta ƙananan talabijin da aka ɓoye. Babu "kat", babu a sake. Ƙasashe sama da 100 suka kalla.

Me kyamara ta ƙara? A dandamali, na kujerar baya murya kawai yake samu. Kyamara kuwa ta kai mu har ga idon Tosca lokacin da ta hangi wuƙar. Amma ita ma tana da nata cikas: tana nuna gumi da jijiyar wuya, sannan darakta ne ke zaɓa maka inda za ka duba. Muryar da ke cika zaure ba tare da lasifika ba kuwa, sai wanda ya zauna a wurin zai ji nauyinta.

Darasinmu a nan ƙarami ne amma mai ɗaci. Ka cire waƙa ɗaya daga Tosca, sai ka ga giɓi a labarin. A finafinanmu fa? Sau nawa muka tura waƙa gaba da rimot, kuma ba mu yi asarar komai ba? Matsalar ba waƙar ba ce, malam. Waƙar da ba ta da aiki a labari ita ce matsala.