Linzamin Mitokondiriya a Hannun Cibiya: Abin da Yisti Ya Nuna

A 1949 Boris Ephrussi ya bayar da rahoto daga Paris a kan wani yisti mai tsiro ƙanana-ƙanana, wanda ya rasa ikon amfani da iskar oksijin. Gadon wannan naƙasa bai bi dokokin Mendel ba, domin tushenta yana wajen cibiyar tantani, a cikin mitokondiriya, sashen da tantani ke samar da makamashi. Yisti ya dace da wannan bincike ne saboda ko numfashinsa ya tsaya yana rayuwa ta hanyar juya sukari zuwa barasa, don haka ana iya lalata sashen a ga abin da zai biyo baya.

DNA ɗin mitokondiriyar yisti na ɗauke da umarnin manyan furotin 8 ne kacal, alhali sashen na buƙatar kusan 1000. Umarnin sauran duk daga cibiya yake zuwa, har da na Rpo41 mai kwafe umarnin mitokondiriya zuwa RNA. A ganina, inda ikon cibiya ya fi bayyana shi ne lokacin da ake juya saƙon RNA zuwa furotin. Ayyukan Thomas Fox a Jami'ar Cornell sun nuna cewa kusan kowane saƙo na da mabuɗinsa, wato furotin da umarninsa ke cibiya: Pet111 na kula da saƙon COX2, COX3 kuwa sai Pet54 da Pet122 da Pet494 sun haɗu. Na COX1 ya fi ban sha'awa. Mss51 na cikin masu buɗe saƙon, amma sabon furotin ɗin na riƙe shi har sai an fara harhaɗa shi da 'yan uwansa. Idan harhaɗawar ta cije, ƙera sabo ma sai ya ragu. Ta haka tantani ke kauce wa tara abin da ba shi da abokin aiki.

Sai dai bai kamata a ɗauki wannan tsari a ɗora wa ɗan Adam kai tsaye ba. Mabuɗan yisti na kama dogon goshin da ke gaban saƙon, namu saƙonnin kuwa kusan ba su da wannan goshi. Yistin burodi ma ba shi da rukunin farko na sarƙar numfashi, inda cututtukan mitokondiriya da dama ke faruwa. Inda kamannin ya tabbata, kamar tsakanin Shy1 na yisti da SURF1 na ɗan Adam mai alaƙa da cutar Leigh, sai da aka gwada a tantanin mutum kafin a amince.