Yadda Bara Ya Zama Abokin Hira

Labarinmu na wannan mako na wasu kayan kiɗa biyu ne na Turai. Na farko shi ne piyano, wanda waɗansunku suka sani. Na biyu ana ce da shi celo, watau wani ƙaton goge mai tsirkiya huɗu, wanda girmansa ya hana a saɓa shi a kafaɗa, sai dai makaɗi ya zauna ya kafa shi tsakanin gwiwoyinsa. Muryarsa kauri gare ta, kamar ta dattijo.

A zamanin su Haidin da Mozat, in aka haɗa celo da piyano, celo bara ne. Abin da hannun hagu na mai piyano ya kaɗa, shi yake maimaitawa, kamar mai cewa "gaskiya ne" a gaban sarki. Waɗannan gwanaye biyu, duk yawan abin da suka rubuta, ba wanda ya tsara sonata domin su biyu kaɗai. Sonata kuwa dogon kiɗa ne mai babi-babi, ba waƙa a cikinsa.

Ana nan sai a 1796 wani saurayi mai shekara 25, Betoben, haifaffen Bon mazaunin Biyana, ya tafi Balin, fadar Sarkin Furusiya Firdirik Wilham na Biyu. Shi wannan sarki da hannunsa yake kaɗa celo. A fadarsa kuma akwai wasu Faransawa biyu, wa da ƙane, ana ce da su Dufo, waɗanda suka yi fice a wannan sana'a. Wan shi ne ma malamin sarki. To, wa zai shiga gidan da mai gida ke son celo, sa'an nan ya mai da celo bara? Betoben ya tsara sonata biyu, ya zauna ga piyano, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan ya riƙe celo, suka kaɗa wa sarki. Sarki ya yi masa tukuici da batta ta zinariya cike da kuɗin zinariya. Aka buga su a Biyana a 1797.

Amma kada mu zaƙe. Ko a cikin waɗannan, piyano ne ya ɗebi rabo mai tsoka, domin Betoben ya zo ne ya nuna gwanintar yatsunsa. Ƙofa dai aka buɗe wa celo, bai zauna a kan buzu ba tukuna.

Wahalar haɗa su tana cikin halittarsu. Piyano bugu ne: da an taɓa, sauti ya fito, nan take ya soma mutuwa. Celo kuwa ja ne: muddin baka yana tafiya a kan tsirkiya, murya tana nan, tana ma iya ƙaruwa. Ga shi piyanon wancan zamani na katako ne, ƙaramar murya gare shi, celo na iya danne shi. Yau da ake ɗaura wayoyinsa a kan ƙarfe, magana ta juye, mai piyano ne ake roƙo ya sassauta.

Sai a 1808, cikin sonata ta uku, aka raba daidai. A nan celo ne ke buɗe magana shi kaɗai, piyano ya yi shiru. Ya faɗi abin da zai faɗa a natse, ya sauka kan wata murya ta ƙasa ya riƙe ta, sa'an nan piyano ya amsa a kanta. Daga nan har ƙarshe, ba mu iya nuna wanda ke gaba. A ganinmu ita ce ta fi duka biyar ɗin daɗin ji, kuma da ita ya kamata mai koyo ya fara.

Biyun ƙarshe gobara ce sanadinsu. A ƙarshen 1814 wuta ta cinye gidan Razumobski, tsohon jakadan Rasha a Biyana, makaɗan da yake riƙo suka watse. Mai celonsa, Linke, ya koma gidan wata basarakiya, Mariya Erdodi, aminiyar Betoben. Domin shi aka tsara sonata ta huɗu da ta biyar a 1815. A lokacin kurumta ta ci ƙarfin Betoben, har ya bar kaɗa piyano a bainar jama'a, saboda haka ba sauran zancen nuna yatsu. Ya rage ado, ya taƙaita magana. Babin ƙarshe na ta biyar, karin waƙa guda ne celo ya ɗauka, hannayen mai piyano suka bi sawunsa ɗaya bayan ɗaya, kowa na tafe da nasa ba mai jiran wani. Mutanen zamaninsa da yawa sun ga abin ya yi musu tsauri. Aka buga su a Bon a 1817, shekara 10 kafin mutuwarsa.